Rashin Wuta Ba Abin Sabo Ba Ne: Martani Ga Mai Cewa Kowa Ya Sayi Sola Ya Huta

Malam, na karanta maƙalarka a kan wutar lantarki, na kuma ga yadda wasu suka yi ta yaba mata a matsayin maganar mai hankali da ya gaji da koke-koke. Ni ban yarda da ita ba. Tun da a bainar jama'a ka faɗi ra'ayinka, a bainar jama'a zan ba ka amsa, da girmamawar da ta dace da kai. Taƙaitaccen abin da ka ce shi ne mutanen birni sun riga sun saba da ɗaukewar wuta, kowa ya samo wa kansa dabara, kuma yanzu da sola ta yawaita babu dalilin ci gaba da kukan NEPA, wanda yake son wuta ya sayi faranti da batir ya huta. Ka ƙara da cewa idan ma akwai laifi, kaso mai yawa na jama'a ne, saboda ba sa biyan kuɗin wuta, wasu ma satar ta suke yi.

Bari in fara da sabon da ka ambata, domin daga nan kuskuren ya taso. Gaskiya ne idan an ɗauke wuta a Kano ko Kaduna ko Katsina babu mai fita titi yana kururuwa. Tela zai miƙe ya ja igiyar janareto, mai aski ya ɗauko askarsa mai caji, uwargida ta kunna fitilar waya ta ci gaba da girki. Kai ka dubi wannan shirun ka ce an saba. Ni kuwa abin da nake gani shi ne kowace dabara daga cikin waɗannan kuɗi take ci, kuma daga aljihun wanda ya fi kowa ƙarancin kuɗi take cin su.

Mu yi lissafi, don kada maganar ta tsaya a jin zuciya. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, daga kusan naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane yunit, kafin daga baya a ɗan rage shi. Ƙasa ta ɗauka, ƙungiyoyin ƙwadago suka fito, kowa ya ce ya yi tsada, kuma ya yi. To, ƙaramin janareton fetur irin wanda masu shaguna suke ja, lita ɗaya ba ta ba shi abin da ya wuce yunit biyu zuwa uku, ƙananan ma ba sa kai haka. Fetur kuwa, wanda bai kai naira 200 ba kafin cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, ya haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Ka raba da kanka. Za ka ga tela a lungun Fagge ko mai hoto a Tudun Wada yana sayen wutarsa a farashin da ya zarce na attajirin da ke unguwar rukunin A, ban da baƙin mai, ban da kuɗin makaniki, ban da injin da zai mutu a sake saye. Bayan duk wannan, ƙarshen wata a kawo masa takardar kuɗin wutar da bai gani ba. Wannan shi ne abin da ka kira dabara.

Kuma kuɗin mai shi ne ɓarnar da ake iya ƙirgawa. Akwai wadda ba ta shiga lissafi. Je ka wurin masu walda ka zauna da su yini guda. Za ka tarar da mai gida da yaransa sun yanka ƙarfe, sun jera ƙofa ko taga a ƙasa, suna zaune suna jiran a kawo wuta. Mai kaya ya zo ya koma, ya sake zuwa, daga ƙarshe ya kai aikinsa wurin wanda yake da babban injin gas. Idan aka kawo wutar ƙarfe biyun dare, a lokacin za su fito su yi aiki, maƙwabta ba barci, su ma ba barci. Yaron da aka kawo koyon sana'a ya shekara bai riƙe na'urar walda yadda ya kamata ba, sai ya gaji ya tafi tuƙa adaidaita sahu. Haka abin yake ga mai injin niƙa, da mai yankan katako, da mai buga takardu, da mai ɗinkin surfani na inji, musamman ana gab da salla, lokacin da ɗinkin mako biyu yake ciyar da gida na watanni. Sannan ba kullum ba ne zuwan wutar yake zama alheri. Wani lokaci ta zo ba ƙarfi, ko fanka ba ta juyawa, wani lokaci ta zo da ƙarfin da zai ƙona firji da talabijin, kuma babu wanda zai biya mai kaya.

Abin da ya fi damuna a rubutunka shi ne mata ba su fito a cikinsa ba sam. A biranen Arewa akwai babbar kasuwa da ba ta da rumfa, wato sana'ar matan aure a cikin gida. Ƙanƙara, zoɓo, kunun aya, lamurje, fura da nono mai sanyi, alawar madara, markaɗe. Mace ta yi adashi na shekara ko ta sayar da ɗan kunnenta ta sayi firiza, shi ne jarinta gaba ɗaya. Daga cikinsa take sayen sabulu, ta biya kuɗin Islamiyya, ta tara wa 'yarta kayan ɗaki, sau da yawa ma ta cika kuɗin cefane ranar da maigida ya dawo hannu rabbana. Kunun aya ba ya jira. Idan ta dama da safe aka ɗauke wuta, zuwa la'asar ya yi tsami, ayar da dabinon da sukarin duk sun tafi. Ta yi asara sau uku ko huɗu, jarin ya karye, firizar ta koma ma'ajiyar kwanuka. Ba za ka ga wannan matar a wata ƙididdigar masana'antun da suka rufe ba, domin ba ta da rajista, ba ta da allon suna a ƙofa. Amma gidanta ya talauce. A 'yan shekarun baya da azumi ya faɗo a tsakiyar zafi, a Maris da Afrilu, ka san yadda ƙullin ƙanƙara yake ninka kuɗinsa, ka kuma san wanda yake cin ribar: mai babban inji da ke iya sayen man gas. Rashin wuta yana kwashe kasuwa daga hannun ƙanana ya miƙa wa manya, kullum, ba tare da an ji ƙararsa ba.

Sai ruwa. Unguwannin birni da yawa sun daɗe da yanke ƙauna daga famfon gwamnati, rijiyar burtsatse suka dogara da ita, ita kuma sai da wuta take ɗago ruwa. Ranar da babu wuta mai rijiya zai kunna janareto ya ƙara wa 'yan garuwa kuɗi, su kuma su ƙara wa jarka. Gidan da ba shi da ko ƙwan fitila ɗaya shi ma yana biyan kuɗin rashin wuta ta bakin jarkar ruwa. Manyan matatun ruwa irin na Tamburawa da Challawa a Kano su ma da wuta suke turo ruwa cikin gari. Ka haɗa wannan da zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, iyali takwas a ɗaki ɗaya ba fanka, jariri yana kuka, tsoho mai hawan jini yana juyi, ɗalibi mai jarrabawa yana karatu da fitilar waya. Masu ɗan hali su shigo da janareto cikin soro ko kusa da taga saboda tsoron ɓarayi, kuma ba sau ɗaya ba ne aka wayi gari da labarin iyalin da hayaƙinsa ya kashe suna barci. Malam, da wanne daga cikin waɗannan aka saba?

Idan kana son gwajin maganarka, an riga an yi shi a watan Oktoban 2024. 'Yan bindiga sun lalata turakun babban layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, kamfanin TCN ya ce rashin tsaro ya hana ma'aikatansa shiga su gyara, sannan layin Ugwuaji zuwa Apir, wanda aka koma dogara da shi, shi ma ya samu matsala. Mafi yawan jihohin Arewa suka kwana a duhu fiye da mako guda. A lokacin sola ta riga ta cika kasuwa, janareto kuwa ba gidan da bai san shi ba. Da maganarka gaskiya ce, da an wuce wannan makon ba a ji komai ba. Abin da aka gani kuwa shi ne masu sayar da kifi da kaji na sanyi suna zubar da kaya, masu cajin waya suna ƙara kuɗi ana layi, ruwan leda ya yi tsada, injinan niƙa da na casar shinkafa sun tsaya ko sun ɗaga farashi, asibitoci suna ƙona man gas da kuɗin da ya kamata a sayi magani. A shekarar 2024 dai babban layin wutar ƙasa ya durƙushe fiye da sau goma. Mutanen Maiduguri ma sun ɗanɗana abin da ya fi haka tun daga Janairun 2021, lokacin da aka tarwatsa turakun layin Damaturu, garin ya daɗe ba ya kan layin ƙasa. Ka tambaye su ko sun saba.

Yanzu batun sola. Ba ni da faɗa da ita, kuma duk wanda ya ce ba ta kawo sauƙi ba bai faɗi gaskiya ba. Ta haskaka masallatai da makarantu, ta ɗago ruwa a rijiyoyi, ta ba masu POS da masu cajin waya abin yi, ta sa gidaje da yawa sun samu fanka da dare. Allah ya hore mana rana, amfani da ita hankali ne. Inda muka rabu da kai shi ne inda ka mayar da ita amsar kowa da komai.

Solar da talaka yake iya saye ta fitila ce da fanka da cajin waya. Wutar da take ciyar da gida kuwa ta inji ce. Na'urar walda ko injin niƙa ko babbar firiza suna jan wuta mai yawa, musamman a lokacin tashi, kuma haɗa musu farantai da inbata da baturan da za su ɗauke su magana ce ta miliyoyin naira, a biya gaba ɗaya kafin a ga ribar kwabo. Wa zai ba mai walda wannan kuɗin? Bankin da kuɗin ruwansa ya kai kashi 30 cikin ɗari, wanda da yawa daga mutanenmu ma ba sa kusantarsa saboda riba? Kusan duk kayan daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Batir mai araha zafinmu yana kashe shi cikin 'yan shekaru kaɗan, mai ƙarko kuma sai mai hali. Ƙurar hunturu tana rufe farantin ta rage masa ƙarfi. Kasuwa ta cika da jabu, mutum ya tara kuɗin wata shida ya sayi abin da ba zai yi wata shida ba. Ga kuma ɗan haya, wanda shi ne mafi yawa a birni: rufin ba nasa ba ne, gidan na mutum goma ne, gobe ana iya ba shi notis. A ina zai kafa farantin?

Akwai kuma wata illa a shawararka da ta fi waɗannan nisa. Idan kowane mai hali ya haɗa wutarsa ya fita daga layin gwamnati, wa ya rage a kai? Waɗanda ba a jin muryarsu. Mun ga yadda haka ta faru da makarantun gwamnati da asibitocin gwamnati da ruwan famfo: ranar da manya suka daina amfani da su, ranar suka daina damuwa da lalacewarsu. A kasafin kuɗin 2025 an ware naira biliyan 10 don haɗa wa fadar shugaban ƙasa sola. Wato gidan da ya kamata ya fi kowa jin zafin lalacewar wutar ƙasa shi ma yana neman hanyar fita daga cikinta. Idan marubuta irinka suka ƙara da cewa kowa ya yi ta kansa, kun sauke wa hukuma nauyin da ke wuyanta, kun ɗora wa mai kunun aya.

Game da rashin biyan kuɗi da satar wuta, ba zan kare ɓarawo ba. Mai zagaye mita ya ci haƙƙin maƙwabcinsa, kuma haramun ya ci. Amma ka ɗauko maganar daga tsakiya. Zuwa 2024, fiye da rabin masu amfani da wuta da ke da rajista a ƙasar nan ba su da mita, kintace ake yi musu. Abin ya yi ƙamari har NERC ta fitar da umarni a 2020 na sa iyaka ga kuɗin kintace. Mutumin da ya ga wuta kwana goma a wata aka kawo masa takardar wata cikakke, idan ya ƙi biya, rigima ce tsakanin mai saye da mai sayarwa, ba halin banza ba. Wanda aka ba mitar kati kuwa ba ya iya cin bashi ko ya so. Sannan wace unguwa ce ba ta san karo-karon taransifoma ba? Ta lalace, a bi gida-gida a tara kuɗi, a gyara ko a sayi sabuwa, a sayi waya da turaku, daga ƙarshe kayan su zama na kamfani, a ci gaba da kawo takarda. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Idan kuma manyan masu cin bashi ake nema, a Fabrairun 2024 kamfanin raba wuta na Abuja ya wallafa sunayen ma'aikatu da hukumomin gwamnati da yake bi biliyoyin naira, har da fadar shugaban ƙasa a cikin jerin. Da su ya kamata ka fara.

Tushen matsalar ba ya ɓoye. Ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 tana raba megawat 4,000 zuwa 5,000 a mafi yawan ranaku. NEPA ta koma PHCN a 2005, aka sayar da kamfanonin samarwa da na rabawa a Nuwamban 2013, aka bar layukan dako a hannun gwamnati, amma adadin da ke isa gidaje bai yi wani motsin kirki ba. Manyan madatsun ruwa, Kainji da Shiroro da Zungeru, a jihar Neja suke, Jebba ma a bakin iyakarta, sai dai yawancin tashoshin iskar gas suna Kudu, kuma layukan da ke kawo wuta can cikin Arewa 'yan kaɗan ne, shi ya sa faɗuwar turaku a daji ɗaya take jefa jihohi da yawa cikin duhu. Aikin Mambila an shafe shekaru gommai ana ambatonsa. Wanda ya san Sharaɗa da Bompai na Kano a da, ko Kakuri ta Kaduna lokacin da masaƙu ke tashin dubban ma'aikata, ya san rashin wuta na cikin manyan abubuwan da suka rufe waɗannan ƙofofin, tare da shigowar kaya masu araha daga waje. 'Ya'yan waɗancan ma'aikatan su ne yau suke riƙe da ƙananan sana'o'in da kake cewa su yi ta kansu.

Ka dubi maƙwabtanmu ma. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar, cikin takunkuman da aka ƙaƙaba har da yanke wutar da Najeriya take tura musu, wadda ita ce mafi yawan abin da suke amfani da shi. 'Yan'uwanmu a Yamai da Maraɗi da Damagaram suka sha wuya watanni, har aka mayar da ita a farkon 2024. Rana ba ta yi musu ƙaranci ba, ta ma fi tamu. Gwamnatocin da suka zaɓi yanke wuta a matsayin horo sun san sarai irin raɗaɗin da take jawowa. Abin da aka ɗauka hukunci ne ga wata ƙasa, bai kamata a ce wa namu mutanen su ɗauke shi zaman yau da kullum ba.

Idan solar kake so, to ka nemi a yi ta yadda za ta isa ga mai ƙaramin ƙarfi. An gwada a kasuwar Sabon Gari ta Kano tun 2018, inda aka haɗa wa shaguna sola ta bai ɗaya, ɗan kasuwa ya biya gwargwadon abin da ya sha ba tare da ya nemo jarin kafawa ba. Akwai tashar sola mai megawat 10 a Kumbotso da aka buɗe a 2023. Akwai ƙananan tashoshin ruwa na Tiga da Challawa, akwai ta iska a Lambar Rimi ta Katsina, waɗanda aka daɗe ana jiran cikakken amfaninsu. Kuma tun 2023, gyaran tsarin mulki da sabuwar dokar lantarki sun ba jihohi ikon samar da wuta da dakonta da rabawa a cikin iyakokinsu. Gwamna ba shi da sauran uzurin cewa abin na Abuja ne kaɗai. Wutar bai ɗaya ga layin masu walda, da kasuwar masu kifi, da rukunin masu niƙa, ta fi araha nesa ba kusa ba a kan kowa ya sayi batirinsa.

Saboda haka ina roƙonka, Malam, da alƙalamin nan naka da mutane suke saurare, ka daina ce wa jama'a su yi shiru. Ka tambayi kamfanonin raba wuta yaushe kowane gida zai samu mita. Ka tambayi NERC wa yake biyan unguwar da aka yi wa alkawarin awa 12 ta samu uku. Ka tambayi TCN yaushe Arewa za ta samu ƙarin layukan da faɗuwar ɗaya ba za ta kashe sauran ba. Ka tambayi gwamnonin Kano da Jigawa da Katsina da Kaduna megawat nawa suka ƙara tun da doka ta ba su dama. Kai kuma mai karatu, idan ɗan takara ya zo unguwarku neman ƙuri'a, kada ka karɓi taransifoma ɗaya a matsayin amsa. Ka tambaye shi awa nawa za a riƙa samun wuta a rana, kuma daga wace shekara.